Yadda ake gano abin da ke sa kan babur ɗin ƙanƙara rawa a hanya mai gargada, da yadda ake saita shi

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa wata huɗu ko biyar a shekara, irin su Kanada, arewacin Amurka, Finlan da Suwidin, akwai wani mashin da ake hawa kamar babur amma ba shi da taya ko ɗaya. Bayansa faffaɗan bel ne na roba mai haƙora, shi ke tura shi, gabansa kuma dogayen ƙafafu biyu ne masu sulɓi da ake kira siki. Joseph-Armand Bombardier, mutumin garin Valcourt a lardin Kebek na Kanada, shi ya fito da samfurin wannan mashin mai suna Ski-Doo a 1959, kamfanin Polaris kuma ya riga ya ƙera nasa a garin Roseau na jihar Minesota ta Amurka tun 1956. A yau Kebek kaɗai tana da hanyoyinsa na musamman da suka kai kusan kilomita 33,000.

Da safe, bayan motar share hanya ta wuce, hanyar tana nan sumul kamar tabarma. Kafin la'asar ɗaruruwan mashina sun bi ta, ta tashi ta koma kamar kunyoyin gona, ga kuma sawun siki birjik sun sarƙe da juna. A lokacin ne mashin ɗin da ba shi da saiti yake tona wa kansa asiri: kai ya fizge dama, ka dawo da shi ya fizge hagu, ka shiga kwana ya ƙi juyawa, ko kuwa sikin ciki, wato na gefen da ka juya, ya ɗaga sama kamar zai kifar da kai. Mafi yawan masu wannan matsala shokabzoba suke fara zargi, su kashe kuɗi mai yawa su sayi sabuwa, matsalar kuma tana nan daram. A ganina shokabzoba ce ta ƙarshe a layi. Ga tsarin da ya kamata a bi.

Fara sanin sunan ciwon

Kafin ka taɓa sifana, hau mashin ɗin ka saurare shi, domin alamu huɗu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce fizga: kana tafiya miƙe, siki ya faɗa sawun wani mashin ya bi shi ba da izininka ba, kamar yadda tayar keke ke faɗawa sawun amalanke a hanyar ƙauye. Lura ko abin yana ƙaruwa idan ka saki totur. Idan haka ne, nauyi ya yi wa siki yawa, domin sakin totur yana tura nauyi gaba, musamman a mashin mai injin bugu huɗu da ke riƙe gudu da kansa. Ta biyu ita ce turjiya: ka juya kai amma mashin ya ci gaba da tafiya miƙe. Ta uku ɗagawar sikin ciki a kwana. Ta huɗu kuma sai a gargada take fitowa: hanya sumul lafiya lau, amma da zarar ka hau kunyoyi kai ya fara kaɗawa da kowane tudu.

Rubuta wadda ka ji, da saurin da kake yi, da yanayin ƙanƙarar ranar. Rubutun nan zai yi maka amfani fiye da yadda kake zato.

Yadda gaban yake a haɗe

Mashinan farko sifirin mai ganye ne a kan kowane siki, irin na tsohuwar akori-kura. A 1980 Polaris ta fito da samfurin Indy mai ƙafafun gaba masu cin gashin kansu, kowace tana hawa da sauka ba ruwanta da ɗaya. Na yanzu kusan dukkansu hannuwa biyu ne a kowane gefe, na sama da na ƙasa, masu siffar harafin A, kamar dai na ƙaramar mota. Hannuwan suna riƙe da wani ƙarfe a tsaye, mu kira shi ƙwauri, siki kuma yana ɗaure a ƙasansa da kusa ɗaya. Tayarod ke juya ƙwaurin, shokabzoba da sifirin ke ɗauke da nauyi, sitabilaiza kuma ke haɗa gefen biyu don rage jirkicewa. Duk bakaniken da ya taɓa yi wa mota alaimen ya san rabin karatun.

Kusurwoyi uku ne ke mulki a nan. Akwai buɗewar bakin siki, wato ko kawunansu sun ɗan ware ko sun tsuke. Akwai jinginar ƙwauri ciki ko waje idan ka tsaya gaban mashin kana kallo. Akwai kuma kwanciyarsa baya idan ka duba daga gefe, wadda ita ke sa kai ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana. A yawancin mashinan zamani ta farko kaɗai ake iya saitawa. Sauran biyun daga masana'anta suke, idan sun canza to wani ƙarfe ne ya lanƙwashe.

Mataki na 1: nemo lako-lako

Ɗaga gaban har siki ya bar ƙasa, ka sa abin tokara mai ƙarfi, kada ka dogara da jak kaɗai. Ka sa wani ya riƙe kan mashin gam, kai kuma ka kama bakin siki ka girgiza shi dama da hagu, sannan sama da ƙasa. Ɗora yatsa a kan kowace mahaɗa yayin da kake girgizawa: bakin tayarod na ciki da na waje, boljoyin na sama da na ƙasa, bushin ɗin hannuwa, da kusar da ta ratsa siki. Yatsa yana jin motsin da ido ba ya gani.

Dalilin da ya sa wannan ya zo farko lissafi ne. Saitin da za ka yi nan gaba na milimita 3 ne. Siki kuwa ya haura mita ɗaya a tsawo, saboda haka ɗan motsin da bai kai milimita ɗaya ba a bakin tayarod yana zama milimita da yawa a kan siki. Idan bakin yana yawo milimita 10 da kansa, saitin milimita 3 aikin baban giwa ne. Canza duk abin da ya ci, ka sa giris inda aka tanadar masa, sannan ka wuce gaba.

Mataki na 2: duba ko wani abu ya lanƙwashe

Kututture ko dutsen da ƙanƙara ta rufe shi ne babban abokin gabar hannun ƙasa. Mutum ya daki abu, ya ji ƙara, ya duba bai ga karaya ba, ya ci gaba da tafiya, alhali hannun ya ɗan koma baya.

Ajiye mashin a daɓe mai lebur. Zaɓi wata kusa a jikin mashin da ke da takwara a ɗaya gefen, ka auna daga ita zuwa kusar siki, hagu da dama. Tsawon biyun ya kamata su yi daidai ko kusa da haka. Sannan ka ɗora wayarka a jikin kowane ƙwauri da manhajar auna kusurwa, ta gaba da ta gefe. Ba lambar ce abin nema ba, bambancin gefe da gefe ne. Ka kuma duba tazarar da ke tsakanin sifirin da hannun sama: idan a hagu yatsa biyu na shiga, a dama ɗaya kacal, ka sami ɓarawon. Fenti da ya tsage a kusa da walda shi ma shaida ne. Hannun da ya lanƙwashe canza shi ake yi. Wanda aka gasa da wuta aka miƙe ba abin da za ka ɗora ranka a kai ba ne kana gudun kilomita 70 a awa, wanda shi ne iyakar gudu a hanyoyin Kebek.

Mataki na 3: miƙe bel tukuna

Mutane da yawa suna tsallake wannan, amma bel ne ma'aunin da za a saita siki da shi. Idan ya karkace, mashin yana tura kansa gefe, kai kuma kana ta gyara gaba a banza.

Ɗaga bayan, ka tayar da inji, ka bar bel ya zagaya a hankali sau kaɗan, ka bar shi ya tsaya da kansa ba tare da birki ba, sannan ka kashe inji. Kada kowa ya tsaya a baya lokacin da yake juyawa, domin yana iya wurgo ƙanƙara ko ƙusa, kuma a buɗe ƙofar gareji saboda hayaƙi. Auna tazarar da ke tsakanin dogon ƙarfen da bel ke sulɓi a kai da haƙoran jagora na cikin bel, hagu da dama. Idan ba su yi daidai ba, sassauta kusar ƙananan tayoyin da ke cikin bel ta baya, ka ɗaure kusar saiti ta gefen da ya kamata kaɗan-kaɗan, ka sake juyawa ka sake aunawa. Ƙarfin ɗaurin bel kuma yana rubuce a littafin mashin.

Mataki na 4: buɗewar bakin siki

Nan ne zuciyar aikin. A mota an saba a ɗan tsuke tayoyin gaba. A wannan mashin akasin haka ake yi: kawunan siki su ɗan ware. Idan sun tsuke, kowane siki yana neman tsallaka gaban ɗan'uwansa. Wanda ya fi samun riƙo a wannan daƙiƙar shi ke cin nasara ya ja mashin gefe, nauyi ya koma kan ɗayan, shi ma ya ja nasa. Fizgar ke nan. Idan sun ɗan ware, suna jan juna waje, tayarod ta kasance a miƙe, kai ya natsu.

Kayan aiki: tef ɗin awo, dogon ƙarfe miƙaƙƙe da ya kai mita 2 ko fiye, igiyar roba mai ƙugiya, alli ko maka, da sifana biyu.

Sauke mashin ƙasa, ka danna gaban sau biyu ko uku ya zauna a tsayinsa na tafiya. Idan da hali wani mai nauyinka ya zauna a kai. Miƙe kan mashin sosai ka ɗaure shi kada ya motsa. Ɗaura igiyar roba tsakanin kawunan siki biyu ta ɗan ja su ciki, don ta kwashe ragowar sakin da ke mahaɗai. Kwantar da dogon ƙarfen a jikin gefen bel ya miƙo gaba har tsakanin siki.

A kan kowane siki ka yi alama biyu, ɗaya santimita 25 gaban kusar ƙwauri, ɗaya santimita 25 bayanta. Ka yi alamun a kan layin ƙarfen da ke ƙarƙashin siki, notocinsa suna leƙowa ta sama. Kada ka auna daga gefen robar jikin siki, domin roba tana lanƙwasa kuma tana ci. Auna daga dogon ƙarfen zuwa alamar gaba, sannan zuwa ta baya. Ta gaba ta fi ta baya da kamar milimita ɗaya da rabi. Yi wa ɗaya sikin haka. A ƙarshe ka auna tsakanin siki da siki: gaba ya fi baya da kusan milimita 3. Wasu kamfanonin suna ba da dama har zuwa 6, kuma inda suke aunawa ya bambanta, saboda haka littafin mashin ɗinka ne alƙali.

Gyaran a tayarod ake yi. Sassauta notocin kulle na bakinta biyu, ka tuna ɗaya zarensa na hagu ne, kada ka yi ta murɗawa kana ƙara ɗaure shi. Juya sandar rabin zagaye, ka sake aunawa. Tabbatar zaren da ya rage a ciki yana da yawa a ɓangarorin biyu. Bayan ka ɗaure notocin ka sake aunawa, domin ɗaurin kansa yakan gusar da saiti.

Kada kuma a zarce. Buɗewa mai yawa tana sa siki yana jan ƙanƙara kamar garma, mai ya ƙone, mashin ya yi kasala wajen shiga kwana.

Mataki na 5: kifa siki ka ga cikinsa

A ƙarƙashin kowane siki akwai sandar ƙarfe da aka dasa wa ɗan guntun ƙarfe mai tsananin tauri da ake kira kabaid, shi ke yanka ƙanƙara mai tauri kamar wuƙa. Ba kabaid ɗin masu walda ba ne, sunan ne kawai ya zo ɗaya. Wannan na tangistin ne. Ana sayar da shi da tsawon inci 4, 6, 8 har sama. Shafa yatsa a hankali: idan bakin ya dakushe ko wani yanki ya ɓalle, ko sandar ta lanƙwashe, canza su biyun tare.

Tsawonsa kuma sai ya dace da bayan mashin. Masu son riƙo suna dasa ƙusoshi a bel, 96 ko 144 ko fiye. Bel mai ƙusa da yawa da gajeren kabaid turjiya yake kawowa, baya ya fi ƙarfin gaba. Dogon kabaid a mashin da ba shi da ƙusa kuwa gaba ne zai kafe, baya ya yi ta wutsil-wutsil, kai ya yi nauyi, fizga ta ƙaru.

Sai wata 'yar roba da ke zaune tsakanin ƙwauri da siki, wadda ba ta kai tafin hannu ba. Aikinta ta danne dunduniyar siki ƙasa. Idan ta tsufa ta lotsa, nauyi ya koma kan gaban kabaid, shi kuma ya riƙa cafke kowane sawu da ya gamu da shi. Na taɓa tsayawa kan mashin ɗin wani maƙwabcina da ya riga ya sayi shokabzoba biyu sababbi, abin bai daina ba. Da muka ɗaga gaban sai ga kawunan siki sun sunkuya ƙasa kamar jakin da ya gaji. Muka cire kusa, robar ta fito a tsage, gefenta na baya ya lotse ya yi sumul. Abin da ake so idan an ɗaga gaba shi ne siki ya rataya kansa na ɗan kallon sama, idan an sauke shi dunduniya ta riga taɓa ƙasa. Sabuwar roba tana gyara wannan, a lura da gefen da ke gaba wajen sa ta. Wasu suna ƙara ɗan falle mai kaurin milimita 3 a ƙarƙashin bayan robar. Idan duk an yi haka fizga ba ta tafi ba, akwai sanda mai wuƙa biyu a jere, wadda ba ta shiga sawun mai wuƙa ɗaya. Tana rage fizga sosai, sai dai takan ɗan ƙara turjiya a ƙanƙara mai laushi.

Mataki na 6: nauyin da ke kan siki, wanda daga baya ake saita shi

Abin mamaki ga sabon shiga shi ne yawancin halin gaba a ƙarƙashin kujera ake yanke shi. Cikin bel akwai shokabzoba biyu. Ta gaba, wadda ake kira ta tsakiya, ita ce kamar turmin da aka ɗora katako a kai yara suna lilo. Ka ƙara wa sifirin ɗinta ƙarfi, ta ɗauke nauyi daga siki: kai ya yi sauƙi, fizga ta ragu, amma turjiya da ɗagawar sikin ciki su ƙaru. Ka rage mata, nauyi ya sauka kan siki: kwana ta yi kaifi, hannun mahayi ya gaji.

Kusa da ita akwai maɗauri mai huda-huda da ke iyakance yadda gaban bel zai sauka. Gajarta shi yana danna siki ƙasa, tsawaita shi yana sake su. Huda ɗaya tana da tasiri sosai, kuma gajartawa tana cin tazarar da shokabzoba ke motsi a ciki, wadda ita ce kake buƙata a gargada. Shi ya sa na fi son a fara da sifirin, a bar maɗauri sai an rasa yadda za a yi.

Sifirin ɗin can baya shi ma yana da hannu. A saita shi da nauyin mahayi da kayansa, yadda bayan zai sauka gwargwadon abin da littafi ya faɗa idan an zauna. Idan ya yi laushi, baya ya zauna, gaba ya yi sakayau. Idan ya yi tauri, nauyi ya tattaru kan siki.

A gaban kansa, ɗaure sifirin da yawa yana ɗaga mashin sama, kuma dogon abu ya fi saurin jirkicewa. Mai fama da ɗagawar sikin ciki ya gwada sassauta su har hannuwan ƙasa su kusa kwanciya daidai da ƙasa, muddin sifirin bai saki kujerarsa ba idan an ɗaga gaban. Ya kuma duba 'yan sandunan da ke haɗa sitabilaiza, sukan karye ba a sani ba. Faɗin tsakanin siki ma a san da shi: mashin ɗin hanya yana da kusan inci 42 zuwa 43, na hawan dutse kuwa 34 zuwa 36, an tsuke shi da gangan don ya kwanta gefe cikin ƙanƙara mai zurfi. Wanda ya kawo na dutse hanya yana ƙorafin jirkicewa, ba saiti ne ya ɓaci ba.

Duk lokacin da ka canza tsayin gaba, koma mataki na 4. Ga dalili. Hannuwa da tayarod kowanne baka yake zanawa idan siki na hawa da sauka, kuma bakan ba su cika zama iri ɗaya ba, don haka bakin siki yana ɗan buɗewa ko tsukewa da kowane motsi. Wannan ne asalin alama ta huɗu, kaɗawar kai a kan kunyoyi. Kana iya gani da idonka: auna buɗewar gaban yana sama, auna yana ƙasa, sannan ka matse shi da igiyar ɗaure kaya ka sake aunawa. Ɗan bambanci dole ne. Amma idan a matse bakin ya koma tsukakke, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya canzawa, nemi tayarod da ta lanƙwashe, ko wadda aka ɗaura da wasoshin da ba nata ba, ko kayan ɗaga gaba da wani ya ƙara.

Mataki na 7: yanzu sai shokabzoba

Duba ko tana yoyon mai, ko sandarta ta yi tsatsa. Danna gaban ka saki: ya taso sau ɗaya ya tsaya. Masu tsada ana buɗe su a canza mai a sake cika iskar naitirojin, kuma wannan ya fi sayen sabuwa araha nesa ba kusa ba.

Ɗaura ɗan zaren roba mai kulle a jikin sandar, ka tura shi ƙasa har jikin shokabzoba, ka je ka bi gargada ka dawo. Inda zaren ya tsaya shi ne iyakar inda ta matsu. Idan ya kai ƙarshe tun a ƙananan tudu, ta yi laushi. Idan bai wuce rabi ba bayan hanya mai muni, ta yi tauri, siki tsalle yake a kan tudu maimakon ya bi su. A masu maɓallin saiti, wanda aka fi kuskurewa shi ne na dawowa. Idan dawowar ta yi jinkiri, tudu na biyu yana zuwa kafin ta miƙe daga na farko, zuwa na biyar ta ƙare a dunƙule, sai mahayi ya ɗauka tauri ne ya yi yawa alhali jinkiri ne. Idan ta yi sauri kuma gaba ya riƙa tunkuɗo ka.

Mai shokabzobar iska, irin Fox Float, ya tuna da sanyi. Iskar da aka cika a gareji mai zafin digiri 20, idan aka fita cikin sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, ƙarfinta yana raguwa da kusan kashi 14 cikin ɗari. A bar mashin ya huce a waje kafin a auna, kuma a auna siki na sama ba nauyi a kai.

Gwaji

Zaɓi yanki ɗaya na hanya, kamar kilomita ɗaya, mai miƙe da kwana da gargada. Bi shi da sauri iri ɗaya kowane zuwa, da hular kwano, igiyar kashe inji tana ɗaure a jikinka. Canza abu ɗaya tak, zagaye biyu na sifirin ko danni biyu na maɓalli, ka rubuta, ka sake bi. Ka yi gwajin a rana ɗaya, domin ƙanƙarar safe da ta yamma ma ba halinsu ɗaya ba. Bayan tafiyar farko ka sake bin notocin tayarod da kusar siki da sifana.